Tsarin Six Sigma

Six Sigma tsari ne na kula da inganci da ke amfani da ƙididdiga wajen rage aibu a kayan masana'anta da kurakurai a ayyukan kamfanoni. An samar da shi a kamfanin Motorola na Amurka a shekarar 1986, kuma injiniya Bill Smith ne ake ɗauka a matsayin wanda ya assasa shi. Sigma harafi ne na Girkanci da masana ƙididdiga ke nuna yadda awo ke kaucewa daga matsakaicinsa da shi. Idan sigma ta yi ƙanƙanta, kayan da ake fitarwa sun kusa zama iri ɗaya ke nan.

Tushen tsarin ya girmi Motorola nesa ba kusa ba. A ranar 16 ga Mayu 1924, Walter Shewhart na kamfanin Western Electric ya miƙa wa shugabansa wata gajeriyar takarda ɗauke da zane. Akwai layi a tsakiya da ke nuna matsakaicin awo, sai layi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, waɗanda yawanci ake ja a nisan sigma uku daga tsakiya. Lokaci-lokaci ana ɗaukar samfuri a auna, a ɗiga sakamakon a kan takardar. Muddin ɗigogin suna yawo tsakanin layukan ba tare da sun karkata gefe guda ba, bambancin na yau da kullum ne, kuma murɗa na'ura saboda shi sai dai ya ƙara dagula aiki. Idan ɗigo ya tsallake layi, to akwai dalili na musamman: wataƙila wani ƙarfe ya ci, ko an kawo ɗanyen kaya maras kyau. Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan fannin gaba ɗaya, kuma har yau manajoji da dama ba su gama fahimtarta ba.

W. Edwards Deming, wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, ya yaɗa wannan koyarwa a Japan tun daga 1950, har aka kafa lambar yabo da sunansa a 1951. Yana da wani gwaji da yake yi a gaban mahalarta darasinsa. Sai ya cika akwati da duwatsun ado farare, ya gauraya da jajaye kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mutane wani faranti mai ramuka 50 su ɗiba, ya ce fari kawai ake so. Wanda ya kwaso ja da yawa a tsawata masa, wanda ya kwaso kaɗan a yaba masa, alhali babu wanda ke da iko a kan abin da ya faɗa cikin ramukan. Laifin na cikin akwatin ne, wato tsarin aikin da shugabanni suka shimfiɗa.

Six Sigma na nufin sigma shida, wato a samu nisan sigma shida tsakanin matsakaicin awo da iyakar da kaya ke zama mai aibu idan ya wuce ta. Burin tsarin shi ne kada aibu ya wuce 3.4 a cikin damarmakin yin kuskure miliyan ɗaya. Wannan adadi ya ginu ne a kan zaton cewa aiki kan goce da sigma 1.5 idan tafiya ta yi nisa, zaton da wasu masana ƙididdiga ke ganin ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. Da wannan lissafi, aikin da ke matakin sigma uku yana fitar da aibu kusan 66,800 a cikin miliyan.

Ana bin matakai biyar da ake taƙaitawa da DMAIC, wato haruffan farko na sunayensu a Turanci: a fayyace matsala, a auna, a binciko musabbabi, a gyara, sannan a sa ido kada a koma gidan jiya. Ƙwararrun da ke jagorantar aikin ana kiransu da matakan ɗamara irin na 'yan karate, kamar kore da baƙi.

Tsarin ya yi fice ne bayan Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na lokacin, ya rungume shi a 1995, daga nan bankuna da asibitoci suka shiga sahu. Yana da amfani sosai inda aiki ke maimaituwa kuma ana iya auna shi. A sashen bincike da ƙirƙira kuwa an yi ta ƙorafi, musamman a kamfanin 3M zamanin shugabancin James McNerney daga 2001 zuwa 2005, inda masu suka suka ce tsananin awo ya takura wa masu ƙirƙirar sababbin kayayyaki.