Gidajen Boga a Accra

Gidan boga wurin cin abinci ne da babbar hajarsa ita ce boga, wato niƙaƙƙen naman shanu da aka dunƙula aka baje shi kamar waina, aka gasa, aka saka shi tsakanin ɓari biyu na burodi tare da latas, tumatir, albasa, wani lokaci da cuku. A Accra irin waɗannan gidaje sun fi yawa a Osu, East Legon, Labone, Cantonments da cikin manyan kantunan zamani. Wasunsu tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga Nima da Mamobi, unguwannin da Hausa ce harshen kasuwa da masallaci.

Asalin abincin da sunansa

Sunan, wanda aka gajarta daga kalmar Turanci hamburger, ya samo asali ne daga Hamburg, birnin tashar jiragen ruwa a Jamus, amma a Amurka abincin ya sami siffar da aka san shi da ita yau. Kamfanin White Castle ya fara sayar da shi da araha a Wichita ta jihar Kansas a 1921. A 1948 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsara kicin ɗinsu a San Bernardino ta yadda kowane ma'aikaci abu ɗaya yake yi, wannan ya gasa, wancan ya naɗe, kuma daga nan sana'ar abincin gaggawa ta kafu.

Daga baya wani tsarin ya ɓullo tsakanin abincin gaggawa da gidan abinci na zama, wanda Turawa ke kira fast casual. A nan ma a kanta ake oda a biya, ba mai zagayowa da littafi yana tambayar abin da za a ci, sai dai ba a gasa naman sai an yi oda, mai saye ne ke zaɓen abin da za a haɗa masa, kuma kuɗin ya ɗara na abincin gaggawa. Five Guys, wanda aka kafa a Virginia a 1986, da Shake Shack, wanda ya buɗe rumfarsa ta dindindin a New York a 2004, su ake yawan buga misali da su. Ƙananan gidajen boga masu zaman kansu na Accra wannan salon suka fi ɗauka.

A Ghana kalmar tana da wata ma'ana ta biyu. Ɗan ƙasar da ya yi zaman Turai ya dawo da kuɗi da sutura, shi ma boga ake ce masa, domin a shekarun 1970 da 1980 'yan Ghana da yawa sun yi ƙaura zuwa Hamburg. Har wani salon kiɗan hailaif da mawaƙan Ghana suka ƙirƙira a Jamus ya ɗauki wannan suna. Birni ɗaya ne ya ba da sunan mutumin da na abincin, ta hanyoyi biyu da ba su haɗu ba.

Shigowarsa Accra

Titin da ake kira Oxford Street a Osu shi ne cibiyar farko ta abincin gaggawa a birnin. A nan Papaye ya fara a 1991, ko da yake kaza da soyayyiyar shinkafa ne suka yi masa suna. KFC ya buɗe a kan titin a 2011. Buɗe Accra Mall kusa da mahaɗar Tetteh Quarshie a 2008 ya kawo sabon abu: fili ɗaya mai sanyi, kujeru a tsakiya, masu abinci iri-iri a kewaye. A nan Burger King ya buɗe reshensa na farko a Ghana a 2018. McDonald's kuwa ba shi da reshe a ƙasar.

Yadda cinikin yake

Mai shiga yakan tarar da allo mai haske a saman kanta, da hotunan abinci da farashi a sidi, kuɗin Ghana. Ya zaɓa, ya biya da takardar kuɗi ko kati ko MoMo, wato tura kuɗi ta wayar salula, a miƙa masa rasit mai lamba. A bayan kanta mai gashi yana ɗora dunƙulen nama a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ya danne shi da cokali mai faɗi har gefensa ya soyu ya yi ƙamas, ya juya, ya shimfiɗa cuku ya narke a kai, ya ɗan ɗumama burodin a gefen ƙarfen. Cikin 'yan mintuna an kira lamba, an miƙo tire: boga a naɗe a takarda, soyayyen dankalin Turawa, da lemon kwalba. Da hannu ake ci, kuma wannan bai zama baƙon abu ga wanda ya tashi da tuwo ba.

Harshen mutanen Accra ya saba da yaji, don haka gidaje da dama na ajiye shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi da jatan lande. Wasu kan ba da soyayyiyar doya ko kelewele, wato soyayyiyar ayaba mai citta da barkono, a madadin dankali.

Nama da batun halal

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mutanen Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi irin su Nima da Mamobi, ta fuska biyu.

Ta farko ita ce sana'a. Kudancin Ghana ba ƙasar kiwon shanu ba ce sosai. Shanun da ake yankawa daga arewacin ƙasar suke zuwa, da kuma Burkina Faso da Mali da Nijar, da yawansu ta iyakar Paga, a manyan motoci har zuwa karar Tulaku a Ashaiman. Fatauci da dillanci da fawa sun daɗe a hannun Hausawa, Fulani, Dagomba da sauran Musulmin arewa, kuma har yau akwai sarkin fawa a kasuwanni. Gidan bogan da ke sayen ɗanyen nama a gida ya niƙa da kansa, to da wuya naman bai bi ta hannun waɗannan mahauta ba. Mahauci ya san abin da mai boga ke nema: tsoka haɗe da kitse, kusan kashi ɗaya cikin biyar, domin nama zalla idan ya hau wuta bushewa yake yi ya zama kamar kilishi. Wasu gidajen kuma daskararren nama suke amfani da shi wanda aka shigo da shi daga waje a kwali, kuma a nan sai an duba tambarin da ke jikin kwalin kafin a san yadda aka yi yankan.

Ta biyu ita ce cin kansa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne na mutanen Ghana, saboda haka gidan abinci a Accra ba lallai ne ya tsara kicinsa da Musulmi a zuciya ba. Wasu gidajen suna sayar da boga mai yankan naman alade a sama, kuma ko mutum bai yi odarsa ba, tambayar tana nan: a kan ƙarfe ɗaya ake gasawa? Cokali ɗaya ne? Za ka ga magidanci daga Sabon Zango ko Madina ya tsaya a kanta da 'ya'yansa, kafin ya taɓa aljihu ya ce wa yaron da ke gashi, in ya ji shi da Hausa, "Ɗan'uwa, don Allah gaya mini gaskiya, kuna taɓa alade a nan?" Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma gidan da ya rubuta matsayinsa a fili ya kyauta wa kowa. Shi ya sa gidajen da Musulmi ke riƙe da su, ciki har da na wasu 'yan asalin Labanan da suka daɗe a harkar abinci a Accra, suke samun ciniki daga Zango.

Akwai kuma batun lafiya. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsire yake ba. A yankan tsire ƙwayoyin cuta a bayan naman suke, wuta na taɓa su kai tsaye, amma niƙa yana cusa su har tsakiya. Don haka ake so cikin boga ya kai zafin digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana ce ke ba gidajen abinci takardar izinin tsafta, a ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Ɗaukewar wuta, wadda 'yan Ghana ke kira dumsor, ta sa janareta ya zama dole ga duk mai ajiye nama a firji.

Tsada

Boga ba abincin kullum ba ne ga yawancin mazauna Accra. Ghana ba ta noma alkama, sai an shigo da ita a niƙa a Tema ko Takoradi. Cuku da daskararren dankali su ma yawanci daga waje suke, ga hayar shago a unguwannin masu hali. Duk faɗuwar sidi tana bayyana a allon farashi, kamar yadda aka gani a Disamban 2022 lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. A 2023 kuma aka ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemuka masu sukari.

Wurinsa a rayuwar Zango

Abin lura ne cewa abincin gaggawa na ainihi a Accra da yawansa daga Zango ya fito. Waakye, wato shinkafa da wake, sunansa daga kalmar wake yake, ga kokon Hausa da ƙosai da safe, ga tuwon zafi, ga tsiren da ake kira cicinga da yamma. Hajiya mai waakye tana sallamar layin mutane da saurin da ba kowace kanta ke kaiwa ba, a naɗe a ganye, da kuɗin da bai kai na boga ba, kuma cikin mutum ya ɗauka har la'asar.

Abin da gidan boga ke sayarwa bayan abinci shi ne wurin zama: sanyi, kujera, intanet, da damar yin hira ba mai tashin ka. Ɗalibai kan je bayan jarrabawa, saurayi kan kai budurwarsa, ɗan Zangon da ya dawo hutu daga Bronx ta New York ko Jamus kan kwashi ƙannensa. Ranakun Sallah su ne kakar cinikin, lokacin da yara ke fitowa cikin sabbin kaya da kuɗin barka da Sallah a hannu. A watan azumi kuwa ciniki daga Zango sai bayan magariba, kuma da yawa ba sa zuwa da kansu, ta waya suke oda mai babur ya kawo. Kamfanin Glovo ya yi wannan aiki daga 2021 har ya bar Ghana a Mayun 2024, kuma gidaje da dama yanzu suna karɓar oda ta WhatsApp su aika da yaransu har ƙofar gida.