Kasafin ƙananan hukumomi a Ingila da kuɗin farfaɗo da unguwannin talakawa

A Ingila doka ba ta yarda ƙaramar hukuma ta tsara kasafin da abin da za ta kashe ya fi abin da za ta samu ba. Gwamnatin tsakiya a Landan tana iya cin bashi ta biya albashi, ƙaramar hukuma kuwa an ɗaure mata hannu. Dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1992 ta wajabta wa kansiloli su daidaita kasafi duk shekara, su kuma tsayar da harajin gidaje kafin 11 ga Maris, domin sabuwar shekarar kuɗi tana kamawa ne ranar 1 ga Afrilu. Wanda ke mamakin yadda unguwa take ci gaba da lalacewa alhali kullum ana shelar miliyoyin da aka ware mata, daga wannan ƙa'ida ya kamata ya fara bin sawu.

Kuɗin shiga yawanci daga wurare uku suke fitowa: harajin gidaje, kason da hukumar ke riƙewa daga harajin shaguna da ofisoshi da masana'antu, sai tallafin gwamnatin tsakiya. Harajin gidajen nan yana da wani lahani da ya daɗe yana cutar matalautan garuruwa. An kasa gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa darajar da suke da ita tun 1991, kuma har yau da wannan tsohon ƙiyasin ake aiki. Garin da galibin gidajensa na rukunin A ne, ko ya ƙara haraji, abin da zai tara bai kai na garin masu hali ba. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan hukumar da ke da nauyin kula da tsofaffi ba ta iya ƙarin da ya kai kashi 5 cikin ɗari sai ta kira ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ko ta sami izini na musamman daga gwamnati. Wato inda buƙata ta fi yawa, nan ne harajin ya fi ƙarancin albarka.

Tun kaka ma'aikata suke fara lissafi. A watan Disamba gwamnati takan fitar da ƙiyasin abin da kowace hukuma za ta samu, a tabbatar da shi a Fabrairu, sannan kansiloli su zauna gaba ɗayansu su kaɗa ƙuri'a. Ana rubuta sunan kowane kansila da ɓangaren da ya zaɓa, kuma kansilan da ake binsa bashin harajin gida na wata biyu ko fiye ba shi da ikon jefa ƙuri'a a kan kasafin. Kafin zaman, babban jami'in kuɗi, wanda sashe na 151 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya tilasta wa kowace hukuma ta naɗa, sai ya ba da rahoto ko alƙaluman sun tsaya da ƙafarsu, da kuma ko ajiyar da aka yi za ta isa.

Sai dai kafin a zo kan unguwa, an riga an cinye mafi yawan kuɗin. Akwai ayyukan da doka ta ɗora wa hukuma dole: kula da tsofaffi da naƙasassu a ƙarƙashin dokar 2014, kare yaran da ke cikin haɗari a ƙarƙashin dokar 1989, da sama wa iyalan da suka rasa muhalli masaukin wucin gadi. Ba a iya cewa babu kuɗin waɗannan. Don haka idan aljihu ya matse, wuƙar takan faɗa kan abin da ba dole ba, irin su cibiyar matasa da filin wasa da ma'aikacin da ke zagaya unguwa. Mai hali zai biya wa ɗansa kuɗin kulob. Yaron da ke hawa na goma a benen gwamnati, in an rufe cibiyar matasa, bakin titi ne ya rage masa.

Idan lissafi ya ƙi haɗuwa sam, jami'in kuɗi yakan fitar da sanarwa a ƙarƙashin sashe na 114 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988. Daga ranar an dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi in ban da na dole, kuma kansiloli suna da kwana 21 su zauna su nemo mafita. Haka ta faru da Northamptonshire a 2018, da Croydon a 2020, da Birmingham a Satumban 2023, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar.

To ina kuɗin farfaɗo da unguwanni suke shiga? A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin asusu biyu ne, kuma doka ta gina katanga a tsakaninsu. Akwai asusun gudanarwa na yau da kullum, na albashi da wuta da shara. Akwai kuma asusun manyan ayyuka, na gini da titi da sayen fili. Hukuma tana iya cin bashi ko sayar da kadara don manyan ayyuka, amma ba ta da ikon juya wannan kuɗi ta biya albashi sai da izinin gwamnati. Mafi yawan kuɗin farfaɗowa na asusun gini ne. Shi ya sa za ka ga sabon zauren taro mai gilashi da fenti yana ƙyalli, an yanke kintinkiri an ɗauki hoto, bayan shekara biyu ƙofarsa a garƙame galibin mako saboda babu albashin mai buɗewa. Kamar a ba mutum doki ne a hana shi ciyawa.

Wajen tantance unguwar da ta fi shiga wahala, gwamnati tana da ma'auni. A fitowar 2019 an raba Ingila ƙananan yankuna 32,844, kowane da mutum wajen 1,500, aka auna su ta fuska bakwai: samun kuɗi, aikin yi, ilimi, lafiya, laifuka, wahalar samun gida da hidimomi, da yanayin muhalli. Samun kuɗi da aikin yi su suka fi nauyi, kowane kashi 22.5 cikin ɗari. Wani yanki na Jaywick a gaɓar tekun Essex ne ya zo na farko, takwas daga cikin goman farko kuma duk a Blackpool suke. Amfanin wannan ma'auni shi ne yana tono talaucin da ke ɓoye a cikin gari mai arziki, titi uku kacal daga manyan gidaje.

Amma samun suna a jerin ba ya nufin kuɗi zai zo. Asusun Levelling Up, wato tallafin gwamnatin tsakiya na raya garuruwa, na fam biliyan 4.8, wanda aka sanar a 2020, a zagayensa biyu na farko gasa aka sa: kowace hukuma ta rubuto buƙata, Landan ta zaɓa. Wannan tsari a ganina zalunci ne da aka yi wa ado. Hukumar da ta rage ma'aikata saboda talauci ita ce ba ta da ƙwararrun rubuta takardar neman tallafi, kuma wadda ta kashe kuɗi ta rubuta ta faɗi ba mai mayar mata ko kwabo. Shirin New Deal for Communities na 1998 ya fi hankali ta wannan fuska, domin unguwanni 39 aka zaɓa, kowace ta sami wajen fam miliyan 50 a tsawon shekara goma, mazauna unguwar suna zaune a kwamitin da ke yanke shawara. A Maris 2025 gwamnati ta dawo kusa da wannan salo, ta sanar da yankuna 75 da kowane zai iya samun har fam miliyan 20 cikin shekara goma, ta hannun kwamitin unguwa. Miliyan 2 a shekara ba zai maye gurbin abin da aka zaftare wa ƙananan hukumomi tun 2010 ba, sai dai tsawon lokacin yana ba da damar a yi tsari.

Akwai kuma wata ƙofa da ba kowa ya sani ba. Masu gina rukunin gidaje suna biyan hukuma kuɗi a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990, a wasu wuraren kuma da harajin ababen more rayuwa. Daga wannan harajin na biyu, kashi 15 cikin ɗari na unguwar da aka yi ginin ne, ya kai kashi 25 idan unguwar tana da nata tsarin da aka amince da shi. Matsalar ita ce magina ba su cika zuwa inda gidaje ba su da daraja ba.

Mazaunin unguwa yana da haƙƙin halartar zaman kasafin Fabrairu, kuma takardun zaman ana wallafa su aƙalla kwana biyar na aiki kafin ranar. Idan aka kawo maganar sabon gini, a tambayi kansila daga wane layi na asusun gudanarwa za a biya ma'aikata da wuta da gyara bayan tallafin ya ƙare, a kuma nemi amsar a rubuce. Dokar binciken kuɗi ta 2014 ta ƙara ba jama'a kwana 30 na aiki duk shekara su duba littattafan hukumar, har da rasiɗai da takardun kwangila.