Ƙwarƙwatar kifi ba ta san iyakar keji ba

'Yan'uwa masu kiwon kifi, a zagayen da nake yi gona-gona na sha ganin mutum ya zare bututu ya saki ruwan kududdufinsa, ruwan ya bi lambatu ya faɗa rafi, alhali da safen nan ya tsamo matattun tarwada. Idan na yi magana sai a ce, "Malam, ai ruwa ne kawai." Shi ya sa nake so ku ji abin da ya faru da ƙasar Norwe, a Turai.

Norwe ce kan gaba a duniya wajen kiwon kifin salmon, tana fitar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara. A cikin teku suke kiwonsa, a manyan kejin raga, keji ɗaya kan ɗauki kifi har 200,000. Ruwa yana shiga yana fita yadda ya ga dama. Akwai wani ƙwaro, ɗan'uwan ƙaguwa da jatan lande, da ake kira ƙwarƙwatar teku. Tana maƙalewa a jikin kifi tana cin yauƙinsa da fatarsa, tana shan jini, har ka ga bayan kansa ya zama gyambo. Mace ɗaya kan ja ɗaruruwan ƙwai a bayanta kamar zare biyu, in sun ƙyanƙyashe igiyar ruwa ta kwashe su.

Shi salmon na daji a kogi ake ƙyanƙyasarsa, ya gangara teku yana ƙarami, sai ya girma ya dawo kogin gida ya yi ƙwai. A da, lokacin da ƙanana ke fitowa, manyan da ke ɗauke da ƙwarƙwata suna can tsakiyar teku, ba a cika haɗuwa ba. Yanzu kejin kiwon kifi sun tsaya a kan hanya shekara cur. Ɗan kifin da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba dole ya ratsa ta cikinsu, kuma ƙwarƙwata kamar goma ta isa ta kashe shi. Abin da ya fi damuna shi ne, kifin keji yana da mai yi masa magani, na daji kuwa babu.

An zuba magunguna har ƙwarƙwatar ta saba da su. Aka koma wanka da ruwan ɗumi, da sakin wasu ƙananan kifaye masu tsince ta. A 2017 gwamnati ta raba gaɓar tekun gida 13, inda aka ƙiyasta ƙwarƙwata na kashe sama da kashi 30 cikin ɗari na ƙananan kifin daji sai a rage kiwo da kashi 6. Duk da haka, a 2021 salmon na daji ya shiga jerin halittun da ake fargabar makomarsu a ƙasar, kuma a watan Yunin 2024 aka hana kamun kifin salmon a koguna 33 saboda kifin bai dawo da yawa ba. Ɗumamar ruwa da kifin da ke kuɓucewa daga keji su ma suna da hannu. Kanada kuwa ta sanar cewa za ta hana irin wannan buɗaɗɗen keji a lardin British Columbia daga tsakiyar 2029.

Mu ba mu da salmon, amma ruwanmu yana da tasa ƙwarƙwatar, faffaɗa, ana ganinta da ido a jikin karfasa. Kuma rafin da kake saki wa ruwa, shi ne abincin masunta da iyalansu.

Don Allah, in ka ga kifinka yana goga jiki da bango ko ya daina cin abinci, kada ka saki ruwan nan a rafi. Juya shi rami ko cikin gona ya tsotse. Matattun kifi a binne su da farar ƙasa, kada a jefa bayan katanga. 'Ya'yan kifin da ka sayo, ware su a wani mazubi kamar mako biyu kafin ka haɗa da na gida. Norwe ta ɗanɗana wannan ma: a shekarun 1970 wata tsutsa ta shigo da 'ya'yan kifin da aka kawo daga Suwidin, sai da aka riƙa zuba guba ana kashe kifin kogi gaba ɗaya don a rabu da ita. Ragar da ka aro wurin maƙwabci ka wanke ta, ka shanya ta a rana ta bushe ƙarau. Kafin ka zuba kowane magani, kira malamin gona ko likitan dabbobi ya zo ya duba kifin da idonsa.