Yarjejeniyar Ramsar: me ya sa dole a zana iyakar dausayi a taswira?

A shekarar 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a birnin Ramsar na ƙasar Iran, ta kuma fara aiki a kan Najeriya a 2001. Sashe na 2 ya ce duk ƙasar da za ta sa wani dausayi cikin jerin masu muhimmanci ga duniya, sai ta bayyana iyakokinsa dalla-dalla, ta kuma zana su a taswira. Da wannan sharaɗi Tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin a 2000, lokacin da Najeriya ta miƙa takardar shiga yarjejeniyar, Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe suka biyo baya a 2008.

Amfanin layin shi ne a san abin da gwamnati ta ɗau alkawari a kai. Idan yanayin wurin ya sauya saboda aikin ɗan'adam, sashe na 3 ya wajabta mata ta sanar. Ba za ta rage iyakar ba sai don wata buƙatar ƙasa ta gaggawa, kuma sashe na 4 ya ce ta yi iya ƙoƙarinta ta maye gurbin abin da aka rasa. Yarjejeniyar ba ta hana masunta, makiyaya ko manoman shinkafa cin abincinsu a ciki ba. Abin da take nema shi ne amfani cikin hikima.

Sai dai ruwa ba ya bin layi. Ambaliyar Haɗeja da Nguru takan bazu da damina ta janye da rani, don haka masana ke jera hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru su gwama, su ga inda ruwa ya daina kaiwa, inda ciyawar kacalla ta toshe magudana, da inda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suke sauka.

A ganina nan ne giɓin yake. Wani babban kaso na ruwan da ke raya waɗannan fadamu daga Kano yake gangarowa ta Kogin Haɗeja, kuma madatsun Tiga da Challawa ne ke yanke yawancin abin da zai iso ta wannan kogi. Dukansu suna wajen iyakar da aka zana. Duk tsarin da zai ceci dausayin sai ya yi aiki da taswirar kogin gaba ɗaya, a kuma zauna da masunta da sarakunan ruwa kafin a ja layi, domin sun san inda kifi ke ƙwai.