Sanfulawa: me ya sa masu haɗa iri ke neman dangin nesa?

Gonar sanfulawa duk kamanninta ɗaya, ina bambancin yake?

A ido ɗaya ce, amma a ƙwayoyin gado akwai tazara. Wani layi, wato zuriyar iri guda mai hali ɗaya, gajere ne, wani yana nuna da wuri, wani ya fi mai, wani yana jure fari. Mai haɗa iri yakan tsarkake layi ta hanyar sa shi ya yi barbara da kansa shekara bayan shekara. Yakan rufe kan furen da jaka tun bai buɗe ba, don kada ƙudan zuma ya kawo masa ƙurar barbara daga furen wani. Sai ya aurar da layi biyu. 'Ya'yan, wato haɗaɗɗen iri, sukan fi iyayen yabanya, musamman in iyayen ba dangin kusa ba ne. A nan dai auren zumunci ba shi da riba.

To, dangin ya ƙuntata ne?

Ƙwarai. Asalin sanfulawa Arewacin Amurka ne, amma a Rasha ta zama amfanin mai. Can a Krasnodar, Vasily Pustovoit ya ɗaga yawan manta daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa sama da 50, kuma layuka da yawa na yau daga irinsa suka gangaro. A 1969 kuma Patrice Leclercq, a Faransa, ya samo layin da furensa ba ya fitar da ƙurar namiji, abin da ya sauƙaƙa barbara a manyan gonaki. Kusan duk haɗaɗɗen irin da ke kasuwa yanzu ta wajen uwa tushensa ɗaya ke nan.

Mene ne haɗarin hakan?

Cuta ɗaya na iya kwashe kowa. An gani a masarar Amurka a 1970, lokacin da cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na amfanin shekarar, saboda yawancin irin uwa ɗaya suka haɗa.

Ina ake samo sabon jini?

A daji. Sanfulawa na da dangin daji kusan 50, ana adana irinsu a rumbun iri kamar na garin Ames da ke jihar Iowa. Daga cikinsu aka samo juriya ga cututtuka da kuma ga wata ciyawa mai tsotsar saiwa, 'yar uwar wuta-wutar da ke addabar dawarmu. Aikin dai na haƙuri ne, don ɗan daji yakan taho da halinsa na ƙananan 'ya'ya da yawan rassa, sai an yi ta tacewa.

Manomi zai iya ajiye 'ya'yan da ya girba daga haɗaɗɗen iri ya shuka baɗi?

Zai tsiro, amma gonar za ta fito dogo da gajere, amfanin ya ragu.