Tsohuwar Bindigar Winchester: Yaya Ake Gane Kayan Jikinta Na Asali Ne?

Wace irin bindiga ake nufi, kuma me ya sa ake damuwa da kayan jikinta?

Bindiga ce mai wani hannun ƙarfe a ƙarƙashin kunama, wanda idan an ja shi ƙasa aka mayar, sai kwanson harsashi ya fita, sabo ya shiga. Wadda ta fi suna ita ce Winchester samfurin 1873, da aka ƙera sama da 700,000 a New Haven, Amurka. Masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi ne saboda ta kasance yadda ta fito daga masana'anta. Bututu ɗaya da aka sauya yana iya karya farashinta sosai a wurin gwanjo, ko da tana harbi lafiya lau.

Lambar da ke jikinta ba ta isa shaida ba?

Ba ta isa ba, kuma a nan sababbin masu saye suka fi shiga hannun 'yan damfara. A samfurin 1873 lambar tana kan wani siririn ƙarfe na ƙasa, bayan kunama, wanda ake iya kwancewa a ɗaura wa wata bindigar. Amfanin lambar shi ne a kai ta gidan tarihin bindigogi na Cody da ke jihar Wyoming, inda aka adana littattafan masana'antar Winchester da na Marlin. Takardar da suke bayarwa tana faɗin ranar da bindiga ta shiga sito, ranar da ta fita, girman harsashinta, da ko bututunta zagayayye ne ko mai kusurwa 8. Da irin wannan bincike aka gano cewa bindigar da aka tsinta jingine da bishiya a gandun dajin Great Basin na Nevada a 2014 ƙirar 1882 ce. To idan takarda ta ce mai kusurwa, kai kuma ga zagayayye a hannunka, zance ya ƙare.

Ina ake fara dubawa a jikin ƙarfen?

Murfin da ke saman akwatin bindigar, wato ƙarfen tsakiya da ke haɗa bututu da ƙota, yana da saurin tona asiri. Samfurin 1873 rukuni uku ne. A rukunin farko, har zuwa wajen lamba 31,000, murfin yana tafiya ne cikin tsagi biyu na gefe. A na biyu yana kan wani dogo da aka ɗaure da sukuru. A na uku, daga wajen lamba 90,000, dogon ya zama haɗe da akwatin. Lamba ta rukunin farko a kan akwati na rukuni na uku, ai an yi haɗe-haɗe.

Sai tambari. Wajen 1905 kamfanin ya fara buga haruffan WP cikin da'ira mai siffar ƙwai a kan bututu. Harafin P shi kaɗai cikin irin wannan da'ira kuwa yana nuna bututun da aka saya daban daga kamfanin aka ɗaura a waje. Bindigar da lambarta ta ce 1885 amma tana ɗauke da waɗannan tambura, an taɓa ta daga baya, ko a masana'anta ko a wajen maƙeri.

Katakon ƙotar fa?

Masana'anta tana barin katako ya ɗan ɗara ƙarfe tsayi inda suka haɗu. Ka shafa da yatsa: idan ƙarfen ne ya fi tudu, an goge katakon da samfefa. A wasu bindigogin, musamman waɗanda aka yi oda ta musamman, akwai lambar haɗi a gefen hagu na ƙarfen ƙasa, da cikin ramin ƙotar, da bayan farantin gindi. Ya kamata uku ɗin su zo ɗaya. Sai dai ganinsu yana buƙatar kwance ƙota, kuma wanda bai iya ba zai ɓata kan sukuru ya ƙara wa bindigar aibi.

Idan an sake yi mata launi, ana ganewa?

Galibi ana ganewa. Kafin a sake launi sai an goge ƙarfe, gugar kuma tana cinye kaifin kusurwa, ta dusashe rubutun da ke kan bututu, ta bar ɗan kwari a kewayen ramin sukuru. A ganina babbar shaida ita ce tsufan ya zo iri ɗaya a ko'ina. Bindigar da ta shekara fiye da 100 tana koɗewa inda hannu yake riƙewa. Bututu yana sheƙi, akwati ya yi ja da tsatsa, ba tare suka tsufa ba.

Ko in goge ta tukuna don ta yi kyan gani?

A'a. Duhun da ke kan akwatin tagulla na Winchester samfurin 1866 da launin ƙasa-ƙasa na ƙarfe su ne abin da mai saye yake nema. Ɗan mai a tsumma ya wadatar.

Duk kayan da aka sauya jabu ne?

Ba duka ba. Bindigogin nan kayan aiki ne na mafarauta da makiyaya, an sha sauya musu sukuru da saiti tun zamanin masu su na farko, wasu ma kamfanin ne ya gyara ya rubuta a littafi. Laifin yana kan mai sayarwa da ya sani ya yi shiru, ya karɓi kuɗin gangariya.