Yadda galaksi masu siffar ƙwai ke ƙara faɗi

Galaksi mai siffar ƙwai dandazon taurari ne marar hannuwa masu naɗewa irin na galaksin da muke ciki. Taurarinsa tsofaffi ne, haskensu ja-ja, kuma gas mai sanyin da ke haifar da sababbin taurari ya kusa ƙarewa a cikinsa. A 1926 masanin taurari Edwin Hubble ya kasa irinsu kashi-kashi, daga E0 mai kama da ƙwallo zuwa E7 mafi miƙewa.

Abin ɗaure kai shi ne sun daɗe da daina haihuwar taurari, amma ba su daina faɗi ba. Tsakanin 2005 da 2008, hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble sun nuno kakanninsu yadda suke kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. Nauyin wasunsu ya kai ninki biliyan 100 na rana, amma a cure suke: rabin haskensu na fitowa ne daga da'irar da ba ta wuce tafiyar haske ta shekara 3,000 daga tsakiya ba. Takwarorinsu na yau sun ninka wannan sau 3 zuwa 5.

Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne haɗiye ƙananan galaksi marasa gas. In ƙarami ya matso, ƙarfin janyowar babban sai ya yayyaga shi, taurarinsa su watsu a gefe, tsakiya kuwa ta zauna yadda take. Mazaunin Abuja zai gane wannan: cikin gari yana nan, amma Kubwa da Lugbe da Nyanya sai bazuwa suke. A lissafi, in nauyi ya ninka biyu ta wannan hanya, faɗi kan kusa ninka huɗu. In kuwa manya biyu ne suka haɗe, sau biyu kawai. Wani ɓangare na ƙarin kuma ruɗin ƙididdiga ne, domin galaksin da suka daina haihuwa daga baya dama manya ne, shigarsu sahu ta ɗaga matsakaicin faɗin.

Galaksin M87, da ke cikin gungun galaksi na Virgo a nisan shekarun haske kusan miliyan 55, ƙato ne da ya ci ya ƙoshi. Daga Jos ana iya ganinsa da ƙaramar na'ura a daren Afrilu, in ƙurar hunturu ta kwanta, kamar ɗigon hayaƙi. NGC 1277 na gungun Perseus kuwa bai samu abin haɗiya sosai ba, har yau a cure yake.